Wata Goma Sha Ɗaya Sau Goma Sha Bakwai

Idan ka buɗe shafin neman aiki na ƙungiyar da nake yi wa aiki, hoton farko da zai tare ka na kawuna ne. Yana tsaye a bakin ɗakin sanyi, rungume da akwatin allurar rigakafi, yana irin murmushin mutumin da aka ce masa ya yi murmushi. A ƙarƙashin hoton an rubuta da manyan haruffa wai ma'aikatanmu su ne ƙarfinmu, zo ka gina rayuwarka tare da mu. Har yau hoton yana nan. Sau uku ina rubuta wa hedikwata a cire shi, suka ce ai yana jawo masu neman aiki. Duk safiyar da na kunna kwamfuta na gan shi sai in kau da ido, don na san abin da aka yi wa mai hoton, kuma da hannuna aka yi wani ɓangare.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma asalinsa mai gyaran firij ne. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da kasuwa, wurin da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito kafin a juya. Shekara goma sha bakwai da suka wuce, babban firij ɗin ƙungiyar ya mutu ana saura kwana biyu a fita yi wa yara rigakafi. Injiniyan kamfanin da ya sayar musu da shi yana wata ƙasa. Wani direba da Kawu ya taɓa gyara wa firij ɗin gida ya je ya ɗauko shi da hannu duk baƙin mai. Ya gyara. Aka sallame shi, ya ƙi tafiya, ya ce sai ya ga ma'aunin sanyin ya zauna a inda ake so. Daraktan lokacin ya leƙo ya gan shi zaune a kan bokiti ya zuba wa ma'auni ido, ya ce a riƙe wannan mutumin. Aka riƙe shi, da sunan mataimaki na wucin gadi.

Ƙungiyarmu ta ƙasa da ƙasa ce, aikinta lafiya, musamman rigakafin yara da mata masu juna biyu. Muna da muƙamai kamar me. A bene na sama akwai Darakta, da likitocin shiri, da mai sa ido da tantancewa, da mai rubuta wa masu ba da tallafi rahoto, da mashawarta da hedikwata ke turowa su yi shekara biyu su koyi sunayen unguwanni uku su tafi da ƙarin girma. Ba na raina aikin kowa, akwai masu aikin tsakani da Allah a cikinsu. Amma duk taron da suke yi, duk jadawali masu launi da suke haskawa a bango, ƙarshensu 'yar kwalba ce da ba ta kai yatsa ba, kuma kwalbar tana ƙasa, a ɗakin da ke bayan garejin motoci, a hannun Kawu.

Rigakafi abu ne mai tsirfa. Sanyinsa ya tsaya tsakanin biyu da takwas a ma'auni. In ya haura takwas ya daɗe, zafi ya kashe shi. In ya yi ƙasa ya daskare, wani irin ya mutu ke nan. Abin da ya fi tayar wa Kawu hankali shi ne mataccen rigakafi ba ya wari, sau da yawa ba ya ma canja kama. Za a tsira wa yaro, ya yi kukansa, uwarsa ta goya shi ta tafi gida tana ganin ta kare shi, alhali ruwa kawai aka zuba masa. Kawu yakan ce shi ba ya tsoron firij ɗin da ya mutu, wanda yake tsoro shi ne mai yin kamar yana aiki. Saboda haka sau biyu a rana, safe da yamma, ake karanta ma'auni a rubuta a takardar da ke manne a ƙofar kowane firij, a sa hannu a gefe.

Manyan firij uku ne, kuma duk ya raɗa musu suna: Tsohuwa, da Mai Tari, da 'Yar Gata wadda aka kawo daga baya da kwalinta da littafinta. Yakan kara kunne a jikin Tsohuwa ya ce yau ba ta ji daɗin tashi ba, kuma kafin la'asar sai ka ga ya kwance bayanta. Da rigar sanyi yake yawo ko garin yana tafasa, har direbobi suka sa masa Baban Sanyi. Ma'aikatan asibitocin karkara da ke zuwa karɓar kaya sun san ba ya bari a sa ƙanƙara a akwati sai ta fara gumi, don kada ta daskarar da rigakafin, ko motarka na jira, ko kai waye. Wata likita sabuwar zuwa ta taɓa yi masa tsawa a kan haka. Ya ce, "Likita, ki yi haƙuri minti goma, in ba haka ba ki tafi da akwati babu komai." Ta kai ƙararsa sama. Bayan sati ta sauko da kanta ta ce ya koya mata.

Kawu ne ya sa aka ɗauke ni aiki, shekara tara ke nan. Ya ji ana neman sakatariya a ofishin kula da ma'aikata, ya zo gida ya ce wa mahaifiyata, "Yaya, difilomar yarinyar nan ta gaji da kwana a akwati." Ya kai takarduna da hannunsa. Aka ɗauke ni ta dindindin tun ranar farko, don kujerata tana cikin tsarin ofis. Tasa ba ta ciki. A nan na fara ganin yadda ake yi da irinsu.

Dokar ƙungiya ta ce duk wanda ya cika shekara guda cur yana aiki ba yankewa, dole a duba mayar da shi na dindindin, da katin asibiti da fansho da sauransu. To wani mai kaifin kai a hedikwata ya daɗe da samo maganin wannan. A ba mutum kwantiragin wata goma sha ɗaya, a sallame shi na wata ɗaya, sannan a sake ɗaukarsa sabo fil kamar ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Suna kiran watan hutun tsakani. Ni kora nake kiransa, korar da aka sa wa ranar dawowa. A kowace sabuwar takarda akwai layin da ke cewa wannan yarjejeniya ba ta da alaƙa da wata da ta gabace ta. Sau tara na buga wa kawuna wannan layin, na sauka da shi ƙasa ya sa hannu.

Shi kuwa abin dariya ya mayar da shi. Da ya hango ni da fayil sai ya ce, "Sakatariya, an sake haihuwata?" In na ɓata rai ya ce, "Ki bar ganina da furfura, ni fa ban taɓa cika shekara a gidan nan ba. Ko yaye ni ba a yi ba." Direbobi su kwashe da dariya. Ni ba na dariya, kuma ya san ba na yi, shi ya sa yake ƙara yi.

Sai dai firij bai san hutun tsakani ba. Ranar da kwantiragi ya ƙare, Kawu zai miƙa katin shaidarsa a ofishinmu kamar yadda doka ta ce. Washegari da sassafe sai ka ji ƙarar babur ɗinsa a bakin ƙofa. Tsofaffin masu gadi sun san shi, suna buɗe masa ba tambaya. Ya shiga, ya karanta ma'auni, ya rubuta lambobin, ya bar gidan sa hannu babu komai, tunda a takarda shi ba ma'aikaci ba ne a watan. Daga baya wani daga sashen kaya ya zo ya sa hannu. Da yamma haka. Wata guda cur, kowace shekara, ba albashi, ba wanda ya sa shi. Daraktoci biyar aka yi a lokacinsa, kowanne ya sani, kowanne ya kau da kai, ɗaya ma har hula mai tambarin ƙungiya ya ba shi a gaban jama'a aka tafa.

Matarsa, wadda muke kira Iya, ta yi mita har ta gaji. "An ce ka huta, ka huta mana. Ranar da babbar 'yarka ta haihu sai da ka biya ka leƙa Tsohuwa kafin ka zo ganin jikanka." Ya ce ai jikan yana da uwa da kaka da ungozoma, Tsohuwa kuwa ba ta da kowa. Da aka saka wa firij ɗin na'urar da ke tura saƙo a waya idan sanyi ya kauce, lambarsa aka sa, don kowa ya san shi ne kaɗai zai ga saƙon ya tashi tsaye.

Bara masu ba da tallafi suka zo duba aiki. Suka yaba ɗakin sanyi, suka ce ba su ga mai tsari irinsa ba, sannan suka tambayi wa ke riƙe da shi a tsarin ma'aikata. Aka yi tsuru-tsuru. Suka ce abin kunya ne wuri irin wannan ba shi da jami'i na dindindin, a buɗe kujera. Aka buɗe. Kuma aka rubuta cewa ranar da jami'in ya kama aiki, muƙamin mataimaki na wucin gadi ya ƙare. Wato ko Kawu ya samu kujerar, ko ya bar ɗakin. Shekararsa hamsin da shida, shagon ƙarƙashin matakala ya daɗe da zama na mai sayar da waya.

Darakta ya sauko da kansa har gareji, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, wannan kujera taka ce. Ka nema kawai, a cika ƙa'ida." Ranar Kawu ya shigo gidanmu da yamma yana taku ɗai-ɗai, ya ce wa mahaifiyata, "Yaya, da alama za a yaye ni." Na ga idonta ya kawo ruwa. Ni ma, duk da abin da na sani game da ofishin nan, na yarda. Wannan ne abin da har yau nake jin haushin kaina a kai.

Sharaɗin kujerar biyu ne, ka cika ɗaya: ko digirin jami'a da shekara biyu na aiki a fannin, ko shekara biyar a jere ba yankewa. Kawu ba shi da digiri, takardar shaidar sana'a gare shi wadda ta yi laushi saboda naɗewa. Amma shekara goma sha bakwai ai ta haɗiye biyar sau uku har da ragi. A intanet ake nema, don haka na zaunar da shi kusa da ni a falon Iya, na buɗe fom ɗin da hotonsa ke samansa. Ya kalli hoton ya ce, "Ashe ni nake gayyatar kaina." Fom ɗin yana son ranar farawa da ranar gamawa ta kowane aiki, daidai da takardar kwantiragi. Na shigar da su ɗaya bayan ɗaya, layi goma sha bakwai. Na tura.

Ko shayin da Iya ta kawo bai huce ba amsa ta shigo. Kwamfutar hedikwata ce ke tace masu nema kafin ɗan Adam ya gani. Ta ce an gode da sha'awarsa, amma aikin da ya fi daɗewa a kai ba yankewa wata goma sha ɗaya ne, bai cika sharaɗi ba, ana yi masa fatan alheri a gaba.

"Me suka ce?" in ji Kawu.

"Kuskure ne, Kawu. Gobe zan gyara."

Ya dube ni, ya ɗauki shayinsa, bai sake tambaya ba.

Washegari ban ko ajiye jaka ba na shiga wurin shugabar ofishinmu. Madam mace ce mai tsafta a aiki, ba ta cin haƙƙin kowa da gangan, amma in doka ta ce a yanka ta, za ta tambayi wane fom ake cikewa. Na ajiye mata takardar.

"Madam, mu muka yanka masa shekarun nan. Mu muka ce ya tafi wata ɗaya. Yanzu kuma mu ne za mu ce aikinsa yana da yankewa?"

"Ki zauna tukuna."

"Ba zan iya zama ba."

Ta cire tabarau ta murza ido. "Na san abin da ciwo. Amma ni ba ni da ikon taɓa abin da kwamfuta ta tace, sai in akwai shaida a rubuce cewa bayanin ba daidai ba ne. Kina da shaidar ya yi aiki a watannin hutun?"

"Duk ginin nan shaida ne."

"A rubuce na ce."

Na sauka ɗakin ajiyar tsofaffin takardu. Kwana biyu ina buɗe kwalaye, ƙura ta cika mini hanci, gyalena ya koma wani launi. Na zaro takardun ma'auni na kowane watan hutu, na shekara goma sha shida, don hutun na sha bakwai bai zo ba tukuna. Ko makaho ya shafa ya san rubutun Kawu ne: bakwai ɗinsa mai sanda a tsakiya, huɗunsa mai kama da kujera. Safe da yamma, ba rana ɗaya da ta faɗi. A gefe kuma sa hannun wasu mutane, waɗansu sun daɗe da barin ƙasar, ɗaya ya rasu. Na shekara biyar na ƙarshe duk na Dogo ne, mataimakin jami'in kaya.

Na ɗora wa Madam tulin a tebur. Ta buɗe ta farko, ta buɗe ta biyu, na ga fuskarta ta canja. Ta tashi ta rufe ƙofa.

"Wa ya ga waɗannan ban da ke?"

"Ba kowa."

"To ki mayar da su inda kika ɗauko." Ta yi ƙasa da murya. "Kin san abin da suke nunawa? Cewa ƙungiya ta bar mutumin da ba shi da kwantiragi yana shiga ɗakin magani shekara da shekaru. In wannan ya je hedikwata, lauyoyi ne za su amsa, ba ni ba. Kuma abu na farko da za su rubuta shi ne kawunki ya karya doka, ya shiga wurin da ba shi da izini. Ba kujera kaɗai zai rasa ba, sunansa zai ɓaci."

Na tsaya ina kallonta. In bai zo a watannin ba, aikinsa yana da yankewa. In ya zo, mai laifi ne. Na ce mata wannan rainin hankali ne, na ce wanda ya tsara wannan abu Allah ya isa tsakaninmu da shi, na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ba ta ba ni takardar gargaɗi ba, ko da yake na cancanta. Ta ce kawai, "Ni ma ina da kawu." Na haura wurin Darakta. Ya saurare ni da fuskar tausayi, ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai, zai ɗaga maganar a taron yanki na gaba. Taron yana bayan wata huɗu. Intabiyu saura kwana tara.

Dogo ne ya samu kujerar. Yana da digiri, kuma da aka nemi shaidar shekara biyu a fannin, ga sa hannunsa a takardun ma'auni har na shekara biyar. Na so in tsane shi, abin ya ƙi, don ba mugu ba ne. Kafin ya tura takardunsa sai da ya zo gidan Kawu, ya tsuguna a bakin ƙofar falo kamar mai neman gafara, ni ina zaune.

"Baba, in ka ce kada in nema, wallahi ba zan nema ba."

"In ba ka nema ba wa za a ba?"

"Wani daga waje."

"Wanda bai san Mai Tari tana son a sassauta mata ƙofa ba." Kawu ya girgiza kai. "Nemi abinka. Ka fi baƙo."

Bayan ya fita na kasa haƙuri. "Kawu, da guminka fa zai ci intabiyun nan. Kai ka karanta, shi ya sa hannu."

"Ni na ce ya sa, ai ba sata ya yi ba."

"To ka yi fushi mana! Ko sau ɗaya ka yi fushi, in san ba ni kaɗai ce mahaukaciya ba."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "'Yata, ina fushi. Tun ranar shayin nan ba na cin abinci da daɗi, tambayi Iyarki. Amma in na tsaya fushi wa zai rubuta wa yaron nan yadda ake tayar da Tsohuwa?"

Shafi goma sha biyu ya rubuta da hannunsa, ni na buga. Ranar ƙarshe aka yi masa ɗan taro a bene na sama, aka yanka kek, Darakta ya ce Baban Sanyi ba ma'aikaci ba ne, uba ne. Kawu ya miƙa mini katinsa da makullai, ni na rubuta an karɓa. A satin kuma aka canja kamfanin masu gadi, aka sa ƙofar ƙarfe mai buɗewa da kati, aikin da aka daɗe ana shiryawa. Dogo kuwa, da ya yi sati uku a kujera, aka tura shi ƙasar waje kwas na sati biyu a kan yadda ake kula da ɗakin sanyi. Aka bar wa mai sito karanta ma'auni.

Ranar Laraba ta satin farko, wajen ƙarfe ɗaya na rana, muna ɗakin taro ana yi mana bita a kan daraja ma'aikata, wayata ta yi ta rawa a jaka. Kawu ne. Na fita baranda.

"Sakatariya, ina bakin ƙofa. Yaran nan sun ce sai wani na ciki ya sa hannu ya shigar da ni."

"Me ka zo yi?"

"Tsohuwa ta turo saƙo. Tara da rabi, tana hawa. Na kira mai sito, ya ce an ɗauke wuta, an koma janareta, Tsohuwa ba ta tashi ba, ya danna abin da na rubuta ba ta amsa ba. Na san abin da ya ƙone, yana aljihuna."

Ashe ba wanda ya tuna ya cire lambarsa daga na'urar. Na leƙa ƙasa na hango shi a rana, bayan ƙarfe, riƙe da jakar kayan aikinsa, da silifas ɗin wanka a ƙafa, alamar yadda ya fito daga gida. Tsohuwa ce ke ɗauke da mafi yawan rigakafin da za a raba wa asibitoci arba'in ranar Asabar. Na san haka sarai. Kuma zan faɗi gaskiya, wani daɗi na ji ya ratsa ni, mugun daɗi.

"Kawu, ka koma gida."

"Me kika ce?"

"Ka koma gida. Bari ta mutu. Bari komai ya lalace, masu tallafi su zo su tambaya, a buɗe kwalayen nan, kowa ya ji kunya. Wallahi ba zan sauko ba."

"To." Na ji yana numfashi. "Waye za a tsira wa allurar ranar Asabar? Darakta ne ko Madam?"

Sai ya ci gaba.

"In ta lalace aka gane, yara za su jira wata uku kafin a kawo wata. In ba a gane ba, ya fi muni. Ki yi fushinki, kina da gaskiya, amma ki yi shi kina saukowa. Ta kai goma."

Na sauko ina kuka don haushi, ban ma san da wa nake ba. Mai gadin, wani sabo mai ladabi, ya turo mini littafin baƙi. Sunan baƙo, wurin wa ya zo, dalilin ziyara. Na rubuta sunan kawuna, na rubuta nawa, a gidan dalili na rubuta gyara. Mai gadin ya ɗauko kati mai igiya ja ya ce, "Baba, sai ka rataya, doka ce." Kawu ya sunkuyar da kai aka rataya masa. An rubuta BAƘO a jiki, lamba ta shida.

Bai yi minti ashirin a bayan Tsohuwa ba. Ya ciro wani ɗan abu mai kama da ƙaramin gwangwanin madara da ya ƙone, ya sa sabon da ya daɗe da saya ya ajiye don ya san ranar za ta zo. Injin ya yi tari ya kama. Ya sa mai sito ya bar ƙofar a rufe, ya jawo bokitinsa da har yanzu ke lungu, ya zauna ya zuba wa ma'auni ido. Ni ma na ƙi komawa bitar. Tara. Takwas. Sai wajen la'asar ta zauna a biyar. Ya buɗe, ya ɗauki kwalabe daga sama da ƙasa, ya duba 'yar alamar da ke jikin kowacce wadda ke yin duhu idan zafi ya ci ta. Ya ce, "Sun tsira."

Ya zaro biro daga aljihun rigar sanyinsa, ya je takardar da ke ƙofa, ya rubuta lokacin da ta tsaya, da inda ta kai, da abin da aka canja, da biyar ɗin yamma. Sai ya mayar da murfin biron.

"Sa hannu, Kawu."

"A'a."

"Sau ɗaya dai. Kai ka yi aikin. Ni zan tsaya a kai, ko me za su yi mini."

Ya ɗaga katin da ke wuyansa ya duba, kamar yanzu ya fara karanta shi. "Baƙo ba ya sa hannu a takardar gida," ya ce. "Ki bar wa Dogo, in ya dawo."

Na raka shi bakin ƙofa. Ya cire katin ya miƙa wa mai gadi da hannu biyu, mai gadi ya rubuta lokacin fita. Ya hau babur, ya tayar, sannan ya kashe ya kira ni da hannu.

"Ki ce su cire lambata daga na'urar nan," ya ce. "In tana kira ba zan iya ƙin zuwa ba, kuma ba na so in sake rataya wancan abin."

Ni na cika fom ɗin cire lambar. Shi kam fom ɗin ba a kai shi taron yanki ba, a rana ɗaya aka amince.